Yadda muka nemi diyyar ƙanena, daga Jega zuwa kotun Birnin Kebbi

Ƙanena ya rasu a farkon shekarar 2023, lokacin da ake tsakiyar cire albasa, a kan hanyar da ta tashi daga Jega ta nufi Koko, kafin a kai Maiyama. Yana tafiya a hannunsa bisa babur, sai wata tirela mai ɗauke da siminti ta ƙwace wa direbanta, ta biyo shi har gefen kwalta ta take shi. Sana'arsa sarin albasa ce, yakan saya a Aliero da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya haɗa lodi da abokan sana'arsa a aika Legas. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa ɗaya, da yara uku, maza biyu da mace ɗaya, babbansu ko firamare bai gama ba. Mahaifinmu ya riga mu gidan gaskiya tun muna samari, don haka duk abin da ya biyo baya a wuyana ya faɗa. Na rubuta wannan bayani ne saboda na san gidaje da yawa a ƙasarmu da irin wannan musiba ta faɗa wa, aka binne mamaci, aka karɓi gaisuwa, aka watse, marayu kuma suka tashi ba tare da kowa ya taɓa gaya musu cewa suna da wani haƙƙi ba.

Abu mafi muhimmanci a shari'ar gaba ɗaya ya faru ne a ranar farko, lokacin da babu wanda hankalinsa ke kan shari'a. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ne suka ɗauki gawar zuwa asibiti, 'yan sanda kuma suka tsare direban da motar. Mu dai burinmu a sallame mana gawa mu yi mata sutura kafin faɗuwar rana, kamar yadda addini ya koyar. Aka ce sai mun kawo takardar rantsuwa cewa ba mu buƙatar likita ya fede gawar, aka nuna mana wani shagon buga takardu, mai shagon ya ɗauko wadda ya saba bugawa a kwamfutarsa ya sauya suna kawai. Allah ya sa tare da ni akwai wani maƙwabcinmu, dattijo da ya yi ritaya yana magatakardan kotu. Ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya bi ta layi bayan layi da yatsa, har ya tsaya a kan jimlar ƙarshe, wadda ke cewa iyalan mamaci sun ɗauki abin a matsayin ƙaddara kuma ba su da wata ƙara a kan kowa. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan layi a cire shi. Karɓar gawa daban, yafe jini daban." Aka sake bugawa ba tare da shi ba. Shi ne kuma ya matsa sai likitan da ya duba gawar ya rubuta takardar da ta bayyana raunukan da musabbabin mutuwar, ya sa na kwafi hotunan da wani ɗan kabu-kabu ya ɗauka da wayarsa a wurin haɗarin, waɗanda suka nuna lambar motar, da sunan kamfanin a jikin ƙofa, da inda babur ɗin ya kwanta a wajen kwalta.

Ranar sadakar uku wakilan kamfanin da ke da motar suka zo tare da wasu dattawan ƙungiyar direbobi. Sun zo da ladabi, ban hana su wannan ba. Suka ajiye buhun shinkafa, da katan ɗin sukari, da ambulan mai ɗauke da kuɗi, suka yi addu'a, sannan babbansu ya roƙi a yafe wa direba a bar maganar a nan. Baffanmu, wanda shi ne babba a zauren, ya amsa musu da abin da kowane dattijo zai faɗa a irin wannan wuri: "Kwana ne ya ƙare, mota sanadi ce. Mun yafe duniya da lahira." Zaure ya ɗauki salati, aka shafa fatiha. Ban ce uffan ba a gaban baƙi, domin ba a katse babba a bainar jama'a, amma ban taɓa ambulan ɗin ba, kuma da aka miƙo wata takarda a sa hannu na ce sai iyali sun zauna tukuna.

Da dare na je wajen limamin unguwarmu, wanda a hannunsa muka yi karatun littattafai ni da marigayin, na ce, "Allah ya gafarta Malam, yafewar da Baffa ya yi ta zauna?" Amsarsa ce ta zama ginshiƙin duk abin da muka yi daga baya. Ya karanto aya ta 92 a cikin Suratun Nisa'i, wadda ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure kaffara da kuma diyyar da za a miƙa wa iyalansa, sai fa idan su ne suka yi sadaka da ita. Ya ce diyya dukiya ce da ke shiga cikin abin da mamaci ya bari, a biya bashinsa daga ciki, sauran a raba wa magada, har matarsa ma tana da rabo, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Dahhaku ɗan Sufyanu ya ba matar Ashyamu gado daga diyyar mijinta. Saboda haka baligi mai hankali a cikin magada yana iya yafe rabonsa shi kaɗai, amma babu wanda ke da ikon yafe rabon yaro ƙarami a banza, ko da kakansa ne. Ya ƙara da cewa ni da Baffa ba mu cikin magada kwata-kwata, tunda marigayi ya bar 'ya'ya maza, wanda kuwa ba shi da ko anini a cikin dukiya ba shi da bakin kyautar da ita.

Wannan bayani ya sauƙaƙa mini abu ɗaya, domin ba a daɗe ba magana ta fara yawo a gari cewa ina son cin kuɗin jinin ɗan'uwana. Bai sauƙaƙa mini tunkarar Inna ba. Da na yi mata maganar kotu ta juya mini baya ta ce, "Ni ba ni sayar da ɗana." Na bar ta har aka yi arba'in, sannan na roƙi Malam ya zo da kansa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta ya ce mata rabonta nata ne, in ta so ta yafe Allah zai ba ta lada, amma jikokinta uku amana ce, kuma ranar da suka girma za su tambayi abin da aka yi da haƙƙinsu. Ta daɗe ba ta yi magana ba, daga bisani ta ce a je a yi, amma kada a kai ta gaban alƙali. Baffa ma ya sauko da aka yi masa bayani a keɓe, har ya ce shi abin da ya yi nufi shi ne ba ya riƙe da direban a zuciya. Ina ganin mafi yawan dattawanmu abin da suke nufi ke nan idan sun ce sun yafe, sai dai masu motoci sukan ɗauki kalmar su tafi da ita a matsayin an rufe magana.

Na sami lauya a Birnin Kebbi ta hannun tsohon magatakardan nan. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya zuwa ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, domin neman diyyar haɗari na cikin ayyukan da take yi wa marasa ƙarfi kyauta. Mu mun yi yarjejeniya a rubuce da lauyanmu cewa za mu ɗauki kuɗin shigar da ƙara da na zirga-zirga, shi kuma ladansa wani kaso ne daga abin da aka samu. Na sayar da shinkafar da na noma a fadama a shekarar don in riƙe wannan ɗawainiya.

Barista ya shimfiɗa mini hanyoyin da ke gabanmu. Shari'ar da 'yan sanda suka kai direban a kan tuƙin ganganci da ya jawo asarar rai tsakanin hukuma ce da shi, ko an ɗaure shi ko an ci shi tara ba abin da zai ciyar da marayu. Akwai Kotun Shari'ar Musulunci, inda za a nemi diyya cikakkiya, wato raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Idan aka auna dinari a kan giram 4.25, diyya ta kama giram 4,250 na zinariya, kuma a sanarwar da hukumomin zakka kan fitar tare da nisabi da mafi ƙarancin sadaki, kimarta a lokacin ta haura naira miliyan 100. Amma a fiƙihu diyyar kuskure tana kan aƙila ne, dangin mai laifi ta wajen uba, su biya a cikin shekara uku, direban nan kuwa talaka ne ɗan wata jiha mai nisa, ba shi da dangin da za a tara a ɗora wa irin wannan nauyi. Kamfanin kuma, a cewar Barista, zai fara da jayayya cewa waccan kotu ba ta da hurumi a kansa, a ɓata shekaru a kan wannan kaɗai. Hanyar da ya ba da shawara ita ce Babbar Kotun Jiha, a ƙarƙashin dokar haɗurran da suka jawo mutuwa, wadda jihohin Arewa suka gada daga tsohuwar gwamnatin Jihar Arewa. A can ana iya haɗa direba da ubangidansa a ƙara guda, domin doka na kama mai mota da sakacin da direbansa ya yi a bakin aiki, a bayan mai mota kuma akwai kamfanin inshora. Ya gargaɗe ni cewa irin wannan ƙara tana da wa'adi, ba a barin ta sai an ga dama, kuma da motar ta gwamnati ce da wa'adin wata uku ne kacal, saboda dokar da ke kare ma'aikatan hukuma.

Batun inshora ya kamata kowa ya fahimce shi, domin mutanenmu sun ɗauke ta takardar nuna wa jami'an kan hanya kawai. Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya mutumin waje idan an ji masa rauni ko an kashe shi, kuma daga watan Janairun 2023 kuɗinta na shekara ga ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, manyan motoci kuwa sun fi haka nesa. An ƙayyade iyakar abin da za a biya idan dukiya aka lalata, amma ba a ƙayyade wa rai da rauni iyaka ba. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa. A gabana Barista ya shigar da lambar tirelar a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa ta intanet, sunan kamfani ya fito, kwanan wata ya nuna inshorar na da rai a ranar haɗarin. Nan take ya rubuta musu wasiƙar sanarwa, domin idan ba a sanar da su a kan lokaci ba suna iya zamewa daga biyan abin da kotu ta yanke.

Tara takardu ya ci watanni. Mun karɓi rahoton 'yan sanda tare da zanen wurin haɗari, da rahoton jami'in duba lafiyar motoci wanda ya tabbatar da cewa birkin tirelar ya lalace tun kafin ranar, da takardar shaidar mutuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, da takardun haihuwar yara, da takardar Kotun Shari'a da ta lissafa magada bayan shaidu biyu sun tsaya, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotu. Matar marigayi tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, don haka duk abin da ke buƙatar hannunta sai dai a kawo mata gida ko a jira.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne tabbatar da abin da marigayi ke samu. Babbar Kotu ba ta sa wa rai farashi guda kamar yadda diyya ta yi. Tana duba abin da mamaci ke kashe wa iyalinsa a shekara, da shekarun da ake sa ran zai ci gaba da yi da ya rayu, ta gina lissafinta a kai. Ma'aikacin gwamnati takardar albashinsa ta ishe shi, amma ɗan kasuwar albasa fa? Barista ya ce in je in kwaso duk wata takarda da ke ɗakinsa. Matarsa ta buɗe akwatinsa ta ce, "Yaya, ga abin da yake rubutu a ciki kullum dare." Littafin makaranta ne mai bango ja, gefensa ya yi baƙi da dauɗar hannu, har yanzu yana warin albasa. A ciki ya rubuta da ajami da lambobin boko yawan buhunan da ya saya, da sunan manomi, da kuɗin dako, da kuɗin mota, da abin da dillali ya turo daga Legas. A shafukan baya kuma akwai wani lissafi dabam: kuɗin makarantar yara, maganin hawan jinin Inna na kowane wata, cefane, kayan sallah. Muka haɗa littafin da bayanan asusunsa na banki na shekara biyu, sarkin dillalan da yake hulɗa da shi kuma ya amince zai ba da shaida. Ban iya karanta shafukan bayan nan a zaune ɗaya ba, domin a cikinsu na ga wasu ɗawainiyoyin gidanmu da nake zaton Allah ne kawai ke rufa asiri, ashe ta hannunsa yake rufawa.

Wasiƙar neman biya da aka aika wa kamfanin ba ta sami amsa ba, sai muka shigar da ƙara. Daga nan aka shiga ɗage-ɗage: yau ba a kai wa wanda ake ƙara na biyu sammaci ba, gobe lauyansu ya aiko da uzuri, jibi kotu na hutun shekara. Ɗan kabu-kabun da ya ga haɗarin ya tafi ci-rani kudu, sai da muka bi ta wajen mahaifinsa, muka biya masa kuɗin mota zuwa da komawa, kuma ya zo duk da tsoron kotu da ke ransa, Allah ya saka masa da alheri. Lauyan kamfanin ya kafa kariyarsa a kan cewa marigayi ma yana da nasa sakacin, wai bai sa hular kwano ba kuma ya yi wa babur lodin da ya wuce kima. Barista ya riga ya faɗa mini cewa idan kotu ta yarda da haka tana iya rage kuɗin gwargwadon sakacin, ba wai ta kore ƙarar ba. Hotunan ranar farko ne suka amsa maganar lodi, domin buhu ɗaya tak aka gani a ɗaure a bayan babur, rahoton likita kuma ya nuna raunin da ya kashe shi a ƙirji da ciki yake, inda hula ba ta da abin da za ta tsare. Ranar da matarsa ta ba da shaida, aka tambaye ta ta bakin tafinta ko tana da niyyar sake aure, ta sunkuyar da kai ta kasa amsawa, har sai da mai shari'a ya sa baki. Na san lauya aikinsa yake yi, amma tambayar ta yi mini ciwo ƙwarai, kuma duk mai shirin kai matar mamaci kotu ya kyautu ya shirya ta tun daga gida.

Bayan jami'in duba motoci ya ba da shaida a kan birki, sai ga kamfanin inshora ya nemi a zauna sulhu. Tayin farko da suka yi bai kai kuɗin karatun yaro ɗaya ba, muka ƙi. An yi ta ja-in-ja kafin a tsaya a kan wani adadi, wanda ba zan ambata ba domin sirrin marayu ne, amma zan faɗi gaskiya cewa bai kai kashi ɗaya cikin goma na cikakkiyar diyya ba, musamman da yake faɗuwar naira ta sa kimar zinariya ta ninka a tsawon shari'ar. Na koma wajen Malam da wannan damuwa. Ya ce waliyyi na iya yin sulhu a madadin maraya idan maslahar yaron ce ta sa, kuma abin da ke hannu yau ya fi amfanar yaron da ke aji huɗu a kan hukuncin da za a ɗaukaka ƙara a kansa har ya yi gemu. Barista ya dage kada a karɓi ko kwabo a bayan fage. Aka rubuta sharuɗɗan sulhun, aka gabatar wa mai shari'a, ya duba cewa akwai ƙananan yara a ciki, ya amince, ya mayar da shi hukuncin kotu, ta yadda idan sun saɓa za a iya tilasta musu. Sun biya a kashi biyu, na biyun ya makara har sai da aka rubuta musu wasiƙar tunatarwa.

Direban kuwa, na gan shi sau da yawa a harabar kotu, mutum ne mai iyali da aka ba mota marar birki aka ce ya kai kaya. A gabana ya ce ya sha kai ƙorafin birkin ana ce masa ya lallaɓa ya dawo tukuna. Wannan bai wanke shi ba, domin da ya ƙi tuƙa ta da ƙanena bai mutu a ƙarƙashinta ba, amma ya sa na fahimci inda babban laifin yake. Inna ta aika masa cewa ta yafe masa tsakaninta da Allah, Malam kuma ya tunatar da shi kaffarar azumin wata biyu a jere, wadda babu kamfani ko inshorar da za ta ɗauke masa.

Da kuɗin suka shigo, aka cire ladan lauya bisa yarjejeniya, muka kai sauran gaban alƙalin Kotun Shari'a don a raba a rubuce. Aka fara biyan bashin da manoma biyu ke bin marigayi na albasa, wanda shi da kansa ya rubuta a littafinsa. Matarsa ta sami tumuni, wato ɗaya cikin takwas, Inna ta sami sudusi, ɗaya cikin shida, abin da ya rage aka kasa shi biyar, kowane namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Inna ta karɓi nata a hannu, a wurin kuma ta ce a mayar wa jikokinta, aka rubuta shi kyauta da shaidu. Saboda yadda naira ke zubewa, alƙali ya amince da shawarar kada a bar rabon yaran a banki kawai, aka saya musu gonar fadama da sunayensu a takarda, aka bar wani abu a asusun da ba a cire kuɗi sai da sa hannuna da na mahaifiyarsu, don makaranta da asibiti. An ba da gonar haya ga wani manomin shinkafa, kuma alƙali ya umarce ni in riƙa kawo lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita duk bayan girbi, har ranar da ƙaramarsu za ta mallaki hankalinta a miƙa wa kowa nasa.